Ajiyar Asabar

Litinin, 3 ga wata, da magariba

Na bi ta gaban bankin da safe. An zarga sarƙa a ƙofa, an manna farar takarda a gilashi. Ban tsaya karantawa ba. Mutane sun cika wurin, ni kuwa ba na leƙen takarda ta saman kafaɗar wani. Na wuce shago.

Aiki na tafiya. An gama ƙafafun teburan makarantar nan, saura a tsaga samansu, a haɗa, a yi fenti. Dogo ya tarye ni tun daga bakin ƙofa, baki har kunne, wai ya samu shagon da yake nema a layin masu gilashi, mai shagon ya yarda zai jira shi zuwa ƙarshen wata. Na ce madalla. Dogo shi ne babban kafinta a yaran shagona, ko da yake yaro a baki ne kawai, 'ya'yansa uku. Ya fi shekara goma a hannuna. Ni da bakina na yanka masa ƙarshen watan nan, na ce ranar zan damƙa masa ajiyarsa ya je ya tsaya da ƙafarsa.

Ina jin sau biyu na ce madalla. Ya ɗan dube ni.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Wayar Manajan bankin a kashe.

Talata, da la'asar

A kashe. Wataƙila caji ne.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Gidan ya yi mini girma. Maman yara tana can garin su 'yarmu tana jinyarta tun da aka yi mata aiki a ciki, likita ya ce sai ta ƙara kwanaki. Ɗaki huɗu na gina, ga ni a falo kamar baƙo. Na dafa shayi, na manta da shi har ya huce.

Bari in rubuta wannan, don kada wani ya juya mini magana wata rana.

Tun da na buɗe shago, duk Asabar idan na biya yara ina cire kashi ɗaya cikin biyar na kowa in ajiye masa. Ba roƙona suka yi ba, ni na kafa dokar. Wanda bai yarda ba, ga hanya. Na san halin kafinta: kuɗi ya shiga aljihunsa ranar Asabar, Litinin ya zo yana neman na mota. Maigidan da ya koya mini aiki ya yi wa rabin gari kujeru, ya mutu a kan tabarmar aro. Ni da zarton aro na fara, a gindin bango, rana ta dake ni ruwa ya dake ni. Aji uku na yi a sakandare aka ce babu kuɗin ci gaba. Ba wanda ya ba ni ko ƙusa ɗaya. Abin da ya fitar da ni guda ne: ban taɓa cinye abin da na samu duka ba. Shi nake koya musu, ko suna so ko ba sa so.

Ranar Litinin nakan kai kuɗin banki in zuba tare da nawa, a asusuna, don ni ne mai asusu, kuma ni Manaja ya sani. Mutum biyu sun bar hannuna da wannan ajiyar, yau kowanne da shagonsa da yaransa.

Ban taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Alhamis, 6 ga wata, da azahar

Na ajiye mota nesa, bayan tasha, na taka da ƙafa. Layi ya miƙe daga ƙofar bankin har gaban mai faci, alhali ba wanda ke ciki balle a ce ana kiran suna. Suna tsaye ne kawai. Mata da jakunkuna, tsofaffi da katin banki a leda. Na karanta takardar. An dakatar da harkoki, a jira sanarwa. Shi ke nan. Ba su ce me ya faru ba, ba su ce yaushe ba.

Wata mai gawayi, hannunta baƙi ƙirin, ta matsa mini wuri.

Ta ce, "Baba, shigo inuwa mana. Ko naka bai shiga ciki ba?"

Na ce, "Wucewa nake."

Ta ce, "Ai duk wucewa muke. Tun Litinin muke wucewa."

Na bar wurin. Mota ta yi zafi kamar tanda, na zauna ciki a haka ban tayar ba.

Juma'a, 7 ga wata, da yamma

Aiki na tafiya.

Asabar, 8 ga wata, da magariba

Ranar biya. Na zauna a teburina kamar kullum, suka zo ɗaya bayan ɗaya. Baba Fenti ne farko don shi ne tsoho, sai Dogo, sai Shiru. Shiru mun sa masa sunan ne don bakinsa ba ya hutawa, ko ƙusa ce a tsakanin haƙoransa sai ya yi magana ta gefe.

Yana karɓa ya ce, "Maigida, an ce bankin bayan tasha ya kwanta dama. Ina fata namu ba a can yake kwana ba."

Na ce, "Ka ga na yi kama da mai kai kuɗi ƙaramin banki?"

Ya yi dariya ya ce, "Tuba nake. Ni dai kada a ce kuɗin aurena ya riga ni shiga lahira."

Dogo ya dake shi a ƙeya, ya ce, "Auren da ake ta ji tun ina da gashi?"

Duk suka yi dariya, har da ni. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Tambaya ya yi, na mayar masa da tambaya.

Baba Fenti bai yi dariya ba. Yana goge hannu da tsumma, yana kallon ƙasa. Sai daga baya na tuna akwai ranar da na rage masa hanya, na tsaya a ƙofar bankin ya jira ni a mota.

Na cire kason kowa kamar yadda na saba. Yana cikin aljihun wandon da na rataye. Ban san inda zan kai shi Litinin ba.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Maman yara ta kira. Yarinya ta fara tafiya zuwa bakin ƙofa, ta dawo. An rubuta wani sabon magani mai tsada, mijin ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Ta ce, "Baban yara, me ya samu muryarka?"

Na ce, "Ƙurar katako ce."

Ta ce, "Yau Lahadi."

Na ce, "Ta jiya ce."

Sai ta ce in riƙa cin abinci, in daina kwana da fanka a kaina. Na aika mata kuɗin maganin. Daga inda na ɗauko ba sai na rubuta ba, zan mayar.

Talata, 11 ga wata, da la'asar

Na haɗu da Mai Siminti a kasuwar katako. Tare muke zama a ofishin Manaja a da, a kawo mana shayi a kofin tangaran, ana ce mana manyan abokan hulɗa. Na zaci zan gan shi a rame. Ya ƙara ƙiba ma.

Ya ja ni gefe, ya rage murya. "Allah ya taimake mu, ko? Da bai kira ba ranar Alhamis ɗin nan, da yanzu muna layi da masu gawayi."

Na ce, "Wa?"

Ya ce, "Manaja mana. Kai bai kira ka ba?"

Na ce, "Oh, wannan. Ai tuni."

Ya dafa kafaɗata ya ce dama ya san ba za a bar ni a baya ba.

Ashe akwai waɗanda aka kira. Kwana huɗu kafin sarƙa, an kira su ɗaya bayan ɗaya sun kwashe nasu ta ƙofar baya. Na duba wayata, na koma har wancan satin, ko an kira ina cikin ƙarar inji ban ji ba. Babu. Ni na yi wa Manaja gadon aurensa, ban karɓi kuɗin aiki ba, na katako kawai. Ashe shayin na kowa ne, kiran ne na manya.

Laraba, 12 ga wata, da yamma

Dogo ya same ni ina auna falanki. Wai mai shagon ya matsa, akwai wani mai son wurin, don haka ya je wajen surukinsa ya karɓo rabin kuɗin haya ya bayar. Ya yi wa tsohon alkawari ƙarshen wata zai mayar. Tsohon akuyoyinsa ya sayar ya ba shi.

Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ka yi gaggawa."

Ya ce, "Wace gaggawa, Maigida? Ai maganarka ta fi takarda."

Na yanka falankin ba daidai ba. Na ce tef ɗin ne ya lalace, na sa Shiru ya sayo sabo.

Alhamis, 13 ga wata, da magariba

Aiki na tafiya. Na ci burodi a tsaye.

Juma'a, 14 ga wata, da la'asar

Yau mutanen hukumar da ke kula da bankuna suka zo. An kafa rumfa a harabar bankin, an jera kujerun roba. Na zauna a can baya, kusa da katanga.

Wani matashi mai gilashi ya yi bayani da lasifika. Wai doka ta tanadi kariya ga masu ajiya. Kowane suna akwai iyakar abin da za a biya shi yanzu. Wanda nasa bai kai iyakar ba zai karɓi kuɗinsa cif. Wanda nasa ya wuce, a ba shi iyakar, sauran sai an sayar da kadarorin banki, in an samu mai saye, in an gama shari'a. Wani ya tambaya yaushe ke nan. Ya ce ba zai iya cewa ba.

Mai gawayi tana gabana. Ta juyo ta ce, "Baba mai wucewa, ka ji? Yau dai ƙaramin kuɗi ya yi rana."

Da aka watse na je teburin matashin. Na yi masa magana a hankali, da ladabi, yadda ba na yi wa sa'an ɗana.

Na ce, "Asusuna akwai kuɗin mutum uku a ciki ban da nawa. Ma'aikatana ne. Gumin shekaru."

Ya ce, "Sunan wa ke kan asusun?"

Na ce, "Nawa."

Ya ce, "To naka ne, Baba. Suna ɗaya, kaso ɗaya."

Na ce, "Da kowannensu da nasa asusun fa?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashin. Ya ce, "Da kowa ya karɓi nasa duka, ina jin. Irin su aka yi dokar domin su."

Irin su aka yi dokar domin su. To ina dokar take ranar da Dogo ya je buɗe asusu suka ce ya kawo takardar wutar lantarki mai sunansa? Mutumin da ke haya a ɗaki ɗaya, mita da sunan mai gida, ina zai samo ta? Sau biyu suka koro shi. Ba ni na koro shi ba. Su rufe wa talaka ƙofa, sannan su ce kariyar tana ciki.

Abin da za a ba ni bai kai rabin na yaran ba. Nawa da kafin alƙalamin makaranta ban ma sa su a lissafi ba.

Asabar, 15 ga wata, da magariba

Na biya. Na cire kamar kullum. Hannu ya saba.

Lahadi, 16 ga wata, da azahar

Ƙanena ya zo. Shi kaɗai na faɗa wa, shi ma don ya ganni ne a ƙarƙashin rumfar. Ya zauna ya miƙe ƙafa a kan teburin falo, abin da ba ya yi in Maman yara na nan.

Ya ce, "Yaya, ni ban ga abin hana barci ba. A takarda kuɗin naka ne. Ka karɓi abin da suka ba ka, ka tayar da jarinka. Su kuma ka ce musu banki ya cinye, ai ba ƙarya ka yi ba. Gari duka an yi asara, su ne shafaffu da mai?"

Na ce, "Dogo fa?"

Ya ce, "Dogo ya ƙara shekara biyu a shago. Dama wa zai riƙe maka inji in ya tafi? Ka ga faɗuwa ta zo daidai da zama."

Na ce ya sauke ƙafarsa daga teburina.

Ya sauke. Ya ce, "Matsalarka ke nan, Yaya. Kana so ka zama banki, ka zama uba, ka zama alƙali. Masu bankin na gaske ma sun gudu."

Bai tsaya shan ruwa ba. Bayan ya tafi na goge teburin. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tun ranar Juma'a, a hanyar dawowa, na riga shi yin wannan tunanin. Tunani ne kawai. Ba a kama mutum da tunani.

Talata, 18 ga wata, da la'asar

Na sa rigata mai kyau na je babban bankin da ke kan titin asibiti neman rance. Sanyin na'ura har cikin ƙashi. Aka ce in jira, na jira. Aka ce jami'in ya fita cin abinci, na jira.

Da ya zo, ya tambayi jingina. Na ce gidana. Ya karɓi takardun ya juya su, ya ce wannan yarjejeniyar saye ce tsakanina da mai fili, ba shaidar mallaka ba ce irin wadda suke karɓa. Na ce shekara ashirin ina ciki, ni na ɗora kowane bulo. Ya ce ya fahimta. Ya tambayi bayanan asusuna na wata shida. Na faɗa masa sunan bankin. Ya rufe fayil ɗin a hankali kamar mai rufe fuskar mamaci.

Gidan da nake kwana ciki, a wurinsu ba gida ba ne. Mai Siminti kuwa waya ɗaya zai buga su kai masa har shago.

Na sha faɗa wa yara cewa talauci lalaci ne. Har yanzu ina ganin akwai gaskiya a ciki. Akwai dai.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Motar ta tafi. Dillalan sun ji ƙamshin buƙata tun kafin in kashe inji, suka yi ta zagaya ta suna taɓe baki, wannan ya ce taya, wancan ya ce hayaƙi. Na karɓi abin da suka bayar. Ya tafi a katako da fentin teburan makaranta, da abin da na mayar aljihun wandon nan.

Na ce wa yara tana wurin makaniki. Shiru ya ce, "Wannan makanikin ya cika son mutane, ɗazu ma na gan shi ya ba wani ɗaninta."

Na dawo a motar haya, an matse ni tsakanin mai kaji da wani ɗan makaranta. Ba wanda ya san ni.

Asabar, 22 ga wata, da magariba

Baba Fenti ya bari sai da sauran suka tafi. Ya wanke burushinsa, ya jera su a kan taga, sannan ya zo ya tsaya ba tare da ya zauna ba.

Ya ce, "Maigida, ni na san ƙofar."

Na ce, "Wace ƙofa?"

Ya ce, "Haba. Ni da kai ba yara ba ne. Nawa zai iya jira, ba inda za ni sai wuri ɗaya, can kuma ba a biyan haya. Amma Dogo ya sa an zana allon shago da sunansa. Matarsa ta fara ɗinka labule. Kada ya ji a bakin wani."

Na ce ina kan gyara al'amarin.

Ya ce, "Itacen da ya tsage, fenti ba ya haɗa shi. Ni na sani, sana'ata ce." Ya ɗauki hularsa, ya ce sai Litinin.

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Na share gidan duka, har ɗakin da ba mai shiga. Na wanke kofuna biyu alhali ɗaya na ɓata. Na tsaya a falo na gwada yadda zan faɗa, da babbar murya, kujeru na saurare. Duk yadda na fara sai in ji ina ba da labarin zarton aro.

Maƙwabta suna da baƙi. Ana ta dariya ta bayan katanga.

Litinin, 24 ga wata, da yamma

Inji na ta ƙara yini guda, ba a jin magana.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Dogo ya nuna mini hoton allon a wayarsa. Harafin ya yi kyau.

Laraba, 26 ga wata, da la'asar

An biya. Na shiga layi tun da safe, aka kira sunana da lasifika, sunana cikakke, kowa na ji. Na sa hannu, na dangwala yatsa. Ambulan ɗin bai cika aljihun riga ba.

Ƙanena ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Alhamis, 27 ga wata, da azahar

Na faɗa musu.

Alhamis, da magariba

Na kashe inji da kaina, na ce su zauna. Ban ba da labarin zarto ba. Na ɗora ambulan ɗin a kan teburin aiki, tare da kason Asabar uku da ke wurina, na raba uku gwargwadon shekarun kowa. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Na ce sauran bashi ne a wuyana, ko banki ya biya ko bai biya ba.

Shiru bai ce komai ba. Tun da na san shi ban taɓa ganin haka ba.

Dogo bai taɓa nasa ba. Ya daɗe yana kallon tarin. Na san abin da yake aunawa: in ya mayar wa surukinsa, abin da ya rage ba zai cika hayar ba, balle kayan aiki.

Ya ce, "Maigida, tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Ba a tabbatar da komai ba sai daga baya."

Ya ce, "Ranar da na ce maka na karɓo kuɗin tsohon nan, ka sani?"

Na ce na yi ta ƙoƙarin gyarawa.

Ya ce, "Da ka ce mini uffan ranar, da na koma na karɓo kuɗin a hannun mai shago kafin su kwana. Asara ta kowa ce, wannan na yarda. Amma akuyoyin surukina ba banki ne ya cinye su ba."

Na ce, "Don amfaninku na yi ta ajiyewa."

Ya ce, "Na sani. Lokacin da suka koro ni kan takardar wuta, na roƙe ka ka raka ni wurin Manaja ka tsaya mini. Ka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya kwashe nasa ya zuba a aljihu ba tare da ya ƙirga ba, ya ce a yi masa izini yau.

Juma'a, 28 ga wata, da yamma

Dogo bai zo ba. Na riƙe injin da kaina. Hannuna ya yi nauyi, na ɓata falanki biyu.

Asabar, 29 ga wata, da magariba

Da na zo cire kason Shiru sai ya ɗora yatsa a kan kuɗin.

Ya ce, "Maigida, yau a ba ni duka. In zan yi asara, gara in yi ta da hannuna, ko tsire na ci a kai."

Na ba shi duka. Na ba Baba Fenti duka, bai ce a cire ba.

Dogo ya zo dab da rufewa, da rigar gida ba ta aiki ba. Ya mayar wa tsohon kuɗinsa. Mai shago ya ce in ba a cika ba ranar Litinin zai ba wani, abin da aka bayar kuma sai ya samu sabon ɗan haya.

Na ce ya ɗauki injin tsaga katako. Layin masu gilashi babu mai irinsa, kafintocin wajen duk sai sun tsallaka gari suke yanka. Da shi a shagon, mai shago zai yi haƙuri, don ya san kuɗi zai shigo tun ranar farko.

Ya dubi injin, ya dube ni. Ya ce, "Kyauta ce ko biya?"

Na ce, "Biya."

Ya ce, "To a kira dillali ya yi masa kuɗi a gaban Baba Fenti, a cire daga abin da nake bi, kowa ya san saura."

Na yi niyyar in ce tsakanina da shi ba sai an kira dillali ba. Ban ce ba. Aka kira.

Litinin, 31 ga wata, da la'asar

Mutum shida suka ɗaga injin zuwa kan mota. Inda ya tashi siminti ya fi sauran fari. Shiru ya share wurin, sannan ya rasa abin da zai ajiye a kai, ya jawo benci.

Waɗanda suka tafi a baya na yi musu jawabi, na damƙa musu ambulan a gaban kowa, aka ɗauki hoto. Dogo ya miƙo mini hannu ya ce, "Na gode da koyarwa, Maigida." Ya hau bayan motar ya riƙe injin kada ya goce.

Maman yara ta kira, wai sai wani satin. Ta ce in zo tasha da mota in ɗauke ta. Na ce to.

Alhamis, 3 ga sabon wata, da magariba

Saman teburan makaranta suna buƙatar tsagawa, ranar Litinin za a kai. Shiru ya ce shi zai kai katakon. Na ce ya zauna ya ci gaba da goge ƙafafu. Na kira mai baro, muka loda, na bi shi a baya har layin masu gilashi.

Shagon ƙarami ne, amma ya tsara shi da kyau. Injin na tsakiya, ya ɗaure masa sabon bel. Ya gaishe ni da ladabi, ya karɓi awon, bai tambaye ni sau biyu ba. Yankan ya fita sumul, ko ni ba zan fi haka ba. Na tsaya a gefe ƙura na sauka a kan rigata, wani kafinta da ban sani ba yana tambayata ko ni ma a unguwar nake aiki.

Da ya gama na ce, "Nawa ne?"

Ya faɗi kuɗin da yake karɓa a wurin kowa.

Na miƙa masa. Ina jin hannuna ya ɗan tsaya a iska, na ba shi lokacin da zai ce haba Maigida, bar shi. Ya karɓa. Ya buɗe aljihun tebur, ya ba ni canji.

Na bi mai baro muka dawo.